Darasi a Kan Zuma da Jinyar Miki

Da wuya a shiga wani gida a ƙasar Hausa a ce zuma magani ce a sami mai musu, domin magana ce da muka gada kaka da kakanni, muka kuma ji ta a bakin malamai tun muna riƙe da allo. Amma da za a matsa gaba kaɗan a ce maganin wace cuta ce, ta wace hanya take warkarwa, kuma a ina ikonta ya tsaya, to, nan ne za a ga baki ya rabu, wani ya ce tana maganin kome da kome, wani kuma, musamman wanda ya ɗan taɓa boko, ya taɓe baki ya ce ai zancen tsofaffi ne. Dukansu biyu ba su yi mata adalci ba. Nufin wannan darasi shi ne a nuna cewa zuma magani ce ta haƙiƙa, wadda likitoci suka jarraba suka gamsu, amma tana da fagen da take aiki a cikinsa, kuma wanda ya fitar da ita daga wannan fage yana iya cutar da mutumin da yake nufin taimaka wa.

Mu fara da abin da ya fi kome daraja a gare mu. Sura ta 16 a Alƙur'ani mai girma sunan ƙudan zuma aka ba ta, watau Suratun Nahli, kuma a aya ta 69 ne Allah Maɗaukakin Sarki ya ambaci warakar da ya sanya wa mutane a cikin abin da ke fita daga cikin wannan ƙaramar halitta. Ya kuma inganta a Bukhari da Muslim, daga Abu Sa'idil Khudri, cewa wani mutum ya kawo wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ƙarar cikin ɗan'uwansa, aka umurce shi ya shayar da shi zuma, ya yi ta komowa yana cewa bai ga sauƙi ba ana sake umurtarsa, har daga bisani ɗan'uwan ya warke. Abin lura shi ne yadda malamai suka fahimci waɗannan nassoshi. Ibnul Ƙayyim, wanda ya rasu a shekarar 1350 ta Miladiyya, ya bayyana a Zadul Ma'adi cewa ciwon mutumin nan daga cika ciki da abinci ya samo asali, kuma maimaita shan yana nuna cewa magani yana da miƙidari, in ya gaza ba zai kawar da cuta ba, in kuma ya wuce haddi sai ya haifar da wata illar. Haka nan Ibnu Kasir a tafsirinsa ya kawo maganar masana ɗibbu cewa ayar ba ta nufin zuma ita ce maganin kowace cuta a jikin kowane mutum. Ashe ke nan, wanda ya ce a san iyakar zuma bai saɓa wa magabata ba, sawunsu ya bi.

Ba Musulmi kaɗai suka san ta ba. A takardun likitancin tsohuwar Masar, waɗanda aka rubuta wajen shekara 1,500 zuwa 1,600 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihissalam, an tarar ana haɗa zuma da kitse da zaren ƙyalle a ɗaure rauni. Ibnu Sina ma, wanda ya rasu a 1037, ya ambace ta a littafinsa Alƙanun. Sai da fenisilin ya bazu a shekarun 1940 sannan asibitoci suka juya mata baya, don an ga kamar an sami abin da ya fi ta.

Yadda take kashe ƙwayoyin cuta

Kafin a gane aikin zuma a kan miki, wajibi ne a san abin da ke hana miki warkewa. A cikin ƙasa da ruwa da iska, har da fatar jikinmu, akwai waɗansu halittu ƙanana waɗanda ido ba ya ganinsu sai da madubin likita, su ne ake kira ƙwayoyin cuta. Idan fata ta yage suka sami ƙofa, sai su shiga su yi ta hayayyafa a cikin danshin naman, kuma daga nan ne mugunya da wari da kumburi da zazzaɓi suke tasowa. Muddin suna nan da yawa, sabon nama ba zai tofo ba, miki sai ya zama gyambo.

Ita kuwa zuma, ƙudan zuma ba don mu suka tanade ta ba, abincinsu ne na lokacin da fure ya yanke, saboda haka hikimar Ubangiji ta sa suka iya sarrafa ta yadda ba za ta ruɓe ba ko da ta daɗe a ajiye. Ruwan furen da suke ɗebowa galibi fiye da rabinsa ruwa ne tsantsa. Sai su zuba shi a ramukan saƙa, su tsaya a kansa suna fifita da fukafukai dare da rana, har ruwan ya ragu ya koma wajen kashi 17 ko 18 cikin 100, sukari kuma ya kai wajen kashi 80, sa'an nan su toshe bakin ramin da kaki. Wannan kauri shi ne makamin farko. Kamar yadda gishiri ke tsotse ruwan nama har ya hana shi lalacewa, haka sukarin zuma ke janye ruwan jikin ƙwayar cuta, ta yanƙwane ta kasa hayayyafa. Wannan janyewa tana da wata fa'ida ta daban a kan miki, domin tana jawo ruwan jiki daga ƙarƙashi zuwa sama, ya ɗago datti da mataccen nama, ya kuma sa ƙyalle ba ya mannewa, ta yadda ranar kwance ɗauri ba za a ɗaye sabon naman da ya fara tofowa ba. Duk wanda ya taɓa riƙe yaro mai ƙuna ana ɓamɓare masa busasshiyar auduga ya san wannan ba ƙaramar rahama ba ce.

Makami na biyu tsami ne, wanda zaƙi ya ɓoye shi har harshe ba ya jinsa sosai. A ma'aunin tsami da masana ke kira pH, zuma tana tsakanin 3.2 da 4.5, alhali yawancin ƙwayoyin da ke ɓata miki sun fi jin daɗin wurin da ya kusanci 7.

Na ukun shi ne ya fi ban al'ajabi, kuma shi ne ya daɗe yana ɓoye wa masu bincike. Tun a 1892 wani masani mutumin Holan, Van Ketel, ya rubuta cewa zuma tana kashe ƙwayoyin cuta, daga baya kuma aka lura da wani abu mai ruɗarwa, watau ko an sirka ta da ruwa har kaurin ya gushe, ƙarfinta bai gushe ba. Ba a warware wannan mas'ala ba sai a 1963, sa'ad da Jonathan White da abokan aikinsa a Amurka suka nuna cewa ƙudan zuma suna zuba wani sinadari daga jikinsu a cikin ruwan furen, wanda yake kwance shiru muddin zumar tana da kauri, amma da zarar ta gamu da danshi, kamar danshin miki, sai ya farka ya shiga samar da haidirojin feroksaid, ruwan nan mai kumfa da ake wanke rauni da shi a asibiti. Bambancin shi ne na kwalba yana da ƙarfin da zai iya ƙone sabon nama tare da ƙwayoyin, na zuma kuwa bai kai shi ƙarfi ba da kusan ninki dubu, amma a hankali yake fita, ba ya yankewa na tsawon sa'o'i. Ku riƙe wannan da kyau, domin za mu komo kansa: wuta da hasken rana suna kashe sinadarin nan.

Akwai kuma wata zuma da ta yi suna a duniya, wadda ake samu daga furen wani ɗan itace mai suna manuka a ƙasar Niyu Zilan. A farkon shekarun 1980 Peter Molan, malami a Jami'ar Waikato ta can, ya gano cewa ko an kawar da haidirojin ɗin da ke cikinta tana ci gaba da kashe ƙwayoyi, sai a 2008 masana a Jami'ar Diresdin ta Jamus suka bayyana sinadarin da ke wannan aiki, wanda ake taƙaita sunansa da haruffan MGO a jikin kwalabe. Da irinta ake yin zumar asibiti, wadda ake tacewa a haska ta da wani haske mai kashe duk abin da ke raye a cikinta ba tare da an ɗora ta a wuta ba. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da abin ɗaurin miki na irin wannan zuma, mai suna Medihoney, a 2007. Tana da tsada ƙwarai, kuma kada tsadar ta sa wani ya raina ta amyarsa, domin labarin da ke biye ba da manuka aka yi shi ba.

Abin da aka gani a Kalaba

A 1988 wani likitan fiɗa na asibitin koyarwa na Jami'ar Kalaba, Spencer Efem, ya buga sakamakon jinyar da ya yi wa mutum 59 masu miki da gyambo iri iri, waɗanda kashi 80 cikin 100 nasu an riga an yi musu maganin asibiti na yau da kullum bai ci ba. Ɗanyar zuma ya riƙa sa musu. Mutum 58 suka sami sauƙi bayyananne: wari ya ɗauke, kumburi ya saɓe, mataccen nama ya rabu da mai rai, kuma mikin da ke da ƙwayoyi ya tsarkaka cikin mako guda. Wannan aiki, wanda ɗan Nijeriya ya yi a asibitin Nijeriya, yana cikin abubuwan da suka sa likitocin Turai suka sake waiwayar abin da suka yar, kuma ya kamata a ce kowane ɗalibin kiwon lafiya a ƙasar nan ya san da shi. Amma mutum na 59 shi ne ya fi cancanta mu tsaya a kansa. Mikinsa bai ji zuma ba ko kaɗan, da aka bincika sai aka tarar gyambon Buruli ne, wanda wata ƙwaya 'yar'uwar ta tarin fuka da ta kuturta take haddasawa, maganinsa kuwa a yau magungunan asibiti ne na mako 8. Da a gida ake jinyarsa, da an yi ta shafa masa zuma wata da watanni, cutar tana cin nama, ana cewa sammu ne.

Bayan Efem an yi gwaje-gwaje da dama, musamman a Indiya a kan masu ƙuna. A 2015 ƙungiyar Cochrane, wadda aikinta shi ne tattara gwaje-gwajen likitoci ta auna ingancinsu, ta duba guda 26 da suka ƙunshi mutum 3,011, ta ce hujja mafi ƙarfi tana ga ƙunar da ba ta ci fata duka ba, inda zuma ta rage lokacin warkewa da kwana 4 zuwa 5 a kan abin ɗaurin da aka saba. Amma game da tsohon gyambon ƙafa wanda rashin gudun jini ke kawowa, ba ta ga hujjar da za a dogara a kanta ba. Haka ilimi yake, ana faɗin inda aka ci nasara, ana faɗin inda ba a ci ba.

Dalilin da ya sa wannan bincike ya zama lalura a zamaninmu shi ne magungunan kashe ƙwayoyin cuta sun fara gazawa. Tun a 1945 Alexander Fleming, wanda ya gano fenisilin, ya yi gargaɗi cewa shan maganin da bai kai ƙima ba zai koya wa ƙwayoyi jure masa. Abin da ya ji tsoro kuwa ya auku, har an ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 1.27 suka mutu a duniya saboda ƙwayoyin da suka daina jin magani, kuma in aka auna da yawan jama'a, Afirka ta Yamma ce ta fi kowane yanki asara. Muna da hannu a ciki, mu da muke sayen kafso biyu a kemis ko a faifan mai talla, mu sha mu bari da zarar mun ji dama, ko mu fasa shi mu barbaɗa a kan miki. Zuma kuwa, da yake ta fuskoki da yawa take kai hari a lokaci guda, ƙwayoyi ba su sami hanyar saba mata cikin sauƙi ba. A 2010 Rose Cooper da abokan aikinta a Kadif ta Birtaniya sun yi ƙoƙarin horar da ƙwayoyi su jure wa manuka a ɗakin bincike, abin bai yiwu ba.

Inda ikonta ya tsaya

Duk makaman nan da muka lissafa sai zuma ta taɓa ƙwayar cuta kai tsaye suke aiki. Idan aka haɗiye ta, ciki yakan narkar da ita ta shiga jini a matsayin sukari, abinci mai kyau mai ba da ƙarfi, amma ba mai farautar ƙwayoyi ba. Saboda haka ba ta maganin taifot, ko tarin fuka, ko ciwon haƙarƙari, ko zazzaɓin cizon sauro, kuma yaro mai gudawa ruwan gishiri da sukari da ƙwayar zinki yake bukata, in ta yi tsanani a kai shi asibiti. Inda shan zuma ya tabbata yana da amfani shi ne tari na mura, domin tana lulluɓe maƙogwaro ta kwantar da ƙaiƙayi; a 2018 waɗansu masana, su ma na Kalaba, ƙarƙashin Olabisi Oduwole, sun tattara gwaje-gwaje 6 a kan yara 899, suka ga ta fi barin yaro ba magani, ta kuma yi kusan daidai da wani maganin tari na kemis. Rabin ƙaramin cokali zuwa cokali guda kafin barci ya isa. Tarin da ya wuce mako biyu, ko mai jini, ko wanda ya zo da haki, ba na zuma ba ne.

Mai ciwon suga ya sani cewa zuma tana ɗaga sukarin jini, ko da wani ya rantse masa cewa farar saƙa ce; kuma miki a ƙafarsa, kome ƙanƙantarsa, na likita ne tun ranar farko. Haka nan sukar ƙusa ko ƙaya mai zurfi tana bukatar allurar rigakafin cutar sarƙe-haƙora, cizon kare da saran maciji kuwa ba a tsayawa neman kwalba.

Akwai hani guda da nake roƙon kowane ɗalibi ya kai shi gida ya faɗa wa iyali da ungozoma da kakanni: kada a ba jaririn da bai cika shekara guda ba zuma, ko ɗigo ɗaya, ko a baki ko a ruwan sha ko a kan nono. Dalili shi ne a cikin zuma, har mai kyau tsantsa, akan sami ƙwan wata ƙwaya da ke zaune a cikin ƙasa da ƙura, wanda kaurin zuma ba ya kashe shi, tafasawa irin ta gida ma ba ta kashe shi. Hanjin babba yana da abin da ke hana shi tsira, na jariri kuwa bai ƙosa ba, sai ƙwan ya ƙyanƙyashe ya fitar da dafi mai shanye jijiyoyi; a ga yaro ya daina bayan gida, ya kasa kama nono, kukansa ya yi rauni, wuyansa ya saki, wani lokaci har numfashi ya tsaya. A 1976 aka fara tantance wannan cuta a Kalifoniya ta Amurka. Na san akwai gidajen da suke lasa wa jariri zuma da niyyar neman albarka, niyya ce kyakkyawa. Sai dai tahnikin da ya zo a hadisai ingantattu da dabino aka yi shi, kuma kiyaye rai yana cikin manyan manufofin Shari'a.

Yadda ake ɗaure miki da ita

Idan ƙuna ce, kamar wadda yara ke samu da hunturu wajen jin ɗumi ko a bakin murhu, abin farko ruwa ne mai tsabta mai sanyi, a yi ta kwararawa har minti 20, ba makilin ba, ba ɗanyen ƙwai ba, ba baƙin mai ba, balle kashin shanu. In ƙunar ta fi tafin hannun mai ita faɗi, ko ta yi zurfi har wurin ya yi fari ko baƙi, ko tana fuska ko hannu ko gaɓa ko al'aura, ko kuwa ƙaramin yaro ne, to, a rufe da tsabtataccen ƙyalle a nufi asibiti. Abin da bai kai haka ba, da ƙujewa, da ɗan yanka marar zurfi, shi ne za a iya jinya a gida inda asibiti ya yi nisa. Mai ɗaurin ya wanke hannu da sabulu, ya wanke mikin da ruwan da aka tafasa da ɗan gishiri ya huce, sa'an nan ya shafa zumar a kan ƙyallen ɗauri na kemis, ko farin ƙyallen da aka tafasa aka shanya aka goge, ya kifa shi a kan mikin, domin in a kan naman aka zuba ta sai ta zurare. Kada a yi rowa: ƙyalle mai faɗin tafin hannun babba yana cin babban cokali guda da ɗan ƙari. A ɗora wani busasshe a sama a naɗe, saboda ƙuda da tururuwa, a canja kullum, ko sau biyu in ruwa yana fita da yawa, don ruwan mikin yana sirka zumar har ƙarfinta ya ƙare. Ɗan raɗaɗi na farko ba abin tsoro ba ne. Amma in zazzaɓi ya zo, ko kumburi yana yaɗuwa, ko kaluluwa ta fito, ko an yi mako guda ba a ga alamar sauƙi ba, a tuna da mutum na 59.

Saura zancen wace zuma. A nan ne muke da babbar matsala, domin algus ya yi yawa a wannan sana'a, ana dafa sukari ko mazarƙwaila a zuba a kwalba, har a jefa mataccen ƙudan zuma a ciki don a yaudari mai saye. Gwajin ashana da na ɗigawa a ruwa kuwa, waɗanda masu talla ke yi a gabanmu, ba hujja ba ne, don dafaffen sukari mai kauri yana iya cinye su. Ko ta gaskiyar ma tana lalacewa a hannun mai ɗiba, idan ya babbake amya da wuta, ko ya matse saƙar da ba a toshe ba tare da ta 'ya'ya, wadda ruwanta ke sa zumar ta yi tsami ta yi kumfa, ko ya ɗora ta a wuta don ta yi saurin tacewa, alhali mun ga abin da zafi ke yi wa sinadarin da ke cikinta. Wanda yake son zumar magani ya nemi mai amya da ya sani ya kuma yarda da amanarsa, ya sayi saƙar da aka toshe bakinta da kaki, ya tace ta da kansa da tsabtataccen ƙyalle ba tare da wuta ba, ya zuba a busasshiyar kwalba mai murfi, ya ajiye a inuwa, kuma kada a riƙa tsoma yatsa ko jiƙaƙƙen cokali a ciki. In ta daskare ta yi tsakuwa-tsakuwa ba lalacewa ta yi ba, ɗabi'ar zuma ce. A tsoma kwalbar a ruwa mai ɗumi za ta narke.

Aikin da za a yi kafin darasi na gaba

Kowane ɗalibi ya sami mai amya ko mai sayar da zuma a garinsu ya tambaye shi a wane wata yake ɗiba, a kan waɗanne itatuwa yake ɗora amya, da yadda yake raba zuma da saƙa, ya rubuto amsar a layi biyar. Ya kuma tambayi wata ungozoma ko dattijuwa abin da ake fara sa wa jariri a baki ranar haihuwa a unguwarsu, ya zo da shi aji a tattauna.